Kyamarar gaban mota: abin da na gani bayan wata 14 a titunan Legas

Haushi ne ya sa na sayi kyamarar nan. Wani ƙanena da ke jan Sienna, yana ɗebo mana kaya tsakanin Mile 12 da Agege, ya yi karo da wata mota a wata mahaɗa cikin Ogba. Shi ne a kan babban titi, ɗayan ne ya fito daga layi bai tsaya ba. Amma yaron bai daɗe da zuwa daga gida ba, burokarsa ba ta wuce ta ciniki ba, Yarbanci kuwa babu ko ɗaya. Kafin na iso an gama yanke hukunci a bakin titi. Mutum sun fi 20 a kansa, kowa na nuna masa yatsa, ana ta "aboki, aboki", shi kuma sai rantsuwa yake da Hausa. Mu muka gyara motar da ta shigo masa, muka kuma gyara tamu.

Washegari na tafi Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja. Ni ɗan kasuwa ne, albasa da tattasai na sani, don haka na tafi da wani yaro ɗan unguwarmu mai gyaran waya. Shi ya hana ni ɗaukar ta farkon da aka miƙo mini, wata mai araha da aka rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalinta. Ya sa aka kunna ta a shagon, muka ɗauki lambar wata mota da ke tsallaken hanya, muka duba a kwamfuta, ko harafi ɗaya ba a gani. Wadda muka tsaya a kanta 'yar China ce ita ma, mai ido biyu, ɗaya a gilashin gaba ɗaya a na baya. Wajen kyan hoto, na gaban yana ɗauka a 1440, na bayan a 1080. Tana da GPS, wato tana rubuta gudun mota da lokaci a ƙasan hoton, kuma tana haɗuwa da waya ta wayfai. Abin da yaron ya fi nacewa a kai shi ne babu batir irin na waya a cikinta, wani abu ne da suke kira kafasita. Ya ce mini, "Yaya, motar da za ta wuni a rana a Mile 12, batir kumbura zai yi." Na ga gaskiyarsa daga baya, don akwai ranakun da sitiyari ba ya taɓuwa saboda zafi, amma ina tayar da mota take kamawa.

Tun a makon farko na gane kuskurena na farko, memori. A wajen wani mai tebur na saye shi, an rubuta 128GB, kuɗinsa bai kai rabin na cikin shago ba. Kyamara tana nuna jan ɗigo alamar tana ɗauka, amma da na zo dubawa rabin faifan ba sa buɗewa. Jabu ne. Kyamarar mota ba kamar waya ba ce, rubutu take yi a kan memorin ba tsayawa, idan ya cika ta goge mafi tsufa ta ɗora sabo, don haka akwai irin memorin da aka yi musamman don wannan wahalar. Na koma na sayi mai 64GB na gaske. Da ido biyun a kunne yana riƙe mini kusan tuƙin wuni guda kafin ya fara gogewa. Duk wanda zai saya, ya ware kuɗin memori daban, kuma ya riƙa cire shi yana dubawa ko da sau ɗaya a wata.

Haɗawa ba wuya. Mai wayarin ɗin mota a Agege ya bi da wayar ta cikin rufi har baya cikin awa ɗaya. Na ƙi yarda ya haɗa ta kai tsaye da batirin mota don ta riƙa ɗauka ko mota na ajiye, saboda batirin Corolla ɗina ya riga ya tsufa, ba na son turi da asuba.

To, ga ranar da ta biya kuɗinta.

Asabar ce, ƙarfe 6:40 na safe, na biyo Awolowo Way daga ƙarƙashin gadar Ikeja zan wuce Alausa in faɗa Ketu. Wanda ya daɗe a Legas ya san mahaɗar Allen da shataletale ce, daga baya aka rushe aka sa danja. Na hango danja ta ba mu hannu tun daga nesa, titi kuma ba cunkoso, na ci gaba da tafiyata. Ina shiga tsakiyar mahaɗar sai ga wata jif baƙa ta fito daga Allen za ta tsallaka Aromire. Na take burki har ƙasa, amma ina! Hancin motata ya daki ƙofarsa ta baya. Bamba ta tsage, fitila ɗaya ta tarwatse, bonet ya ɗan tashi. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, sai wuyana da ya yi kwana uku yana ciwo saboda fizgar bel.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya, don a nan ake cutar mutane da yawa. A bakin titin Legas akwai wata doka da ba a rubuta ba: wanda gaban motarsa ya fashe shi ne ya yi bugu, wanda aka buga a gefe shi aka zalunta. Idan mota biyu suna bin juna a hannu ɗaya, na baya ya daki na gaba, galibi maganar haka take, don shi ne bai bar tazara ba. Amma a mahaɗa ba haka abin yake ba. Wanda ya keta jar danja shi ne yake gitta wa mai hannu, don haka shi ne cikinsa zai samu duka, mai gaskiya kuma hancinsa ya fashe. Lotsewar ƙarfe tana nuna inda motoci suka haɗu da kuma ƙarfin haɗuwar. Ba ta nuna wa ke da izinin shiga a wannan daƙiƙar. Kuma danja ba ta jiran kowa, kafin ku fito daga mota ta canza sau biyu, kowa sai ya rantse kore ya gani.

Haka kuwa aka yi. Mutumin ya fito, babban mutum da shi, yana nuna ƙofarsa yana ɗaga murya, wai na san ko shi wane ne. Kan ka ce kwabo an taru: 'yan kwandastan danfo, masu tallan ruwa, wani mai shara, har da wanda na tabbata lokacin da abin ya faru yana can bayan kanti. Kowa ya dubi bambata ya dubi ƙofarsa ya ce aboki ne ya buga. Wani ma har ya fara yi mini lissafin kuɗin ƙofa a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota.

Ban ce uffan ba. Na koma mota na danna maɓallin da ke kulle faifan don kada a goge shi, kodayake ita da kanta ta riga ta kulle, tana da na'urar da ke jin girgiza. Na ɗauki hotunan motocin biyu da waya a yadda suke kafin a matsar da su, da lambobinsu, da zanen taya a kwalta, da inda fasassun gilashi suka zube. Sannan na tsaya jiran ma'aikata. Jami'ai biyu na LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas, suka iso, don wurin ba ya rabo da su. Babbansu ya ce a kawar da motoci daga tsakiyar hanya tukuna, sannan ya saurari kowa. Da aka zo kaina na ce, "Oga, ba ni da dogon turanci, ga wannan ka duba."

Sai da na yi kusan minti huɗu kafin wayar ta haɗu da kyamarar, kuma minti huɗu a tsakiyar masu ihu ba kaɗan ba ne. Wannan babban aibi ne a wurina, zan dawo kansa. Amma da hoton ya buɗe, gani ya kori ji. Ga danjata kore shar, tun daƙiƙa 9 kafin in iso layi. Ga motocin da ke bakin Allen a tsaye reras suna jira, ga jif ɗin ta zagayo su ta gefe ta kutso. Kyamarata ba ta ga danjarsa ba, don ba ta fuskantar ta, amma motocin da ke tsaye a layinsa sun isa shaida. A ƙasan hoton kuma an rubuta gudun da nake yi: 47. Ƙa'idar FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ga ƙananan motoci a cikin gari ita ce kilomita 50 a awa. Jami'in ya sa yatsa a kan lambar nan ya dube ni. Na gane abin da yake nufi. Da 70 ta nuna, da kore ɗin ba zai wanke ni duka ba, don samun hannu ba ya nufin ka shiga mahaɗa kamar an koro ka.

Taron nan ya watse kamar an yi ruwa. Mai yi mini lissafin Ladipo ma ban ga ta inda ya bi ba.

Mun je ofishin 'yan sanda, sashen da ke kula da haɗarin mota, wanda ake kira MTD. Can aka rubuta bayanin kowa, aka duba lasisi da takardun mota da inshora, aka karɓi kwafin faifan. Da abin ya yi tsanani, ko an samu rauni ko rasa rai, da sai sun je wurin sun auna sun zana taswira, a kira VIO, jami'an duba lafiyar motoci, su duba burki da taya da fitilu, magana ta tafi kotu, don kotu ce kaɗai ke da hurumin yanke laifi na ƙarshe. Namu bai kai can ba. Mutumin ya kalli faifan sau biyu, ya sauke murya, ya ce sauri yake zai kai wani mutum filin jirgi. Muka yi yarjejeniya a rubuce cewa zai gyara mini, kuma ya cika. Fanel bita ya yi kwana biyar da motar.

Wani lauya da muke sallah tare a masallacin unguwa ya ja hankalina kan wani abu daga baya. Ya ce dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da abin da na'ura ta ɗauka a kotu, amma sai an haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da faifan, da cewa tana aiki daidai a lokacin. Ya ce, "Alhaji, ka ajiye memorin asali, kada ka yanke faifan, kada ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp, don yana rage masa kyau. Kuma ka tabbata agogonta daidai yake." Tun daga ranar nake ajiye memori na biyu a aljihun mota, in wani abu ya faru in cire na ciki in adana.

Maganar inshora kuma, da yawa daga cikin 'yan uwanmu suna ɗaukarta takardar nuna wa ɗan sanda kawai. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da mafi ƙanƙantar inshorar ƙaramar mota naira 15,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa a kanta a duk ƙasa. Amma a lura, motar wanda ka buga take gyarawa, ba taka ba. Shi ya sa tantance mai laifi yake da nauyi: shi ke nuna inshorar wa za ta yi biya. Kamfani kuma ba ya biya da ihun bakin titi, rahoton 'yan sanda da hotuna yake nema. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, a ƙasar nan.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda masu sayarwa ba sa faɗa maka. Kyamarar nan ba ta san wanda ya saye ta ba.

Wata biyar bayan na Allen, da yamma, na fito daga wani layi a Agege, kusa da Pen Cinema, zan hau babban titi in yi hagu. Babu danja a wurin, babu ma'aikaci. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin dama, mai yin hagu shi ne yake tsallake hannun masu tahowa, shi zai jira. Mai fitowa daga ƙaramin layi ma shi zai jira na kan babban titi. Ni na haɗa biyun. Na turo hanci, sai ga Keke Napep ta gogi bambata, madubinta ya karye, gefenta ya lotse, wata fasinja ta bugu a gwiwa. A raina na riga na gama cewa gudu yake yi, don kowa ya san yadda suke tuƙi. Na fito da ƙarfina, har ina nuna gilashi ina cewa komai na nan a ɗauke. Mai keken, wani saurayi Bayarabe, ya ce to a kunna.

Aka kunna. Ga ni na iso bakin titi ban tsaya cak ba, mota na ta silalawa. Ga ƙarar wayata, ga muryata ina cewa "Salamu alaikum, Alhaji, motar ta iso?" daidai lokacin da hancina ya shiga titi. Keken kuwa a hannunsa yake, tafiyarsa yake ba wani gudu. Yaron shagona da ke gefena ya raɗa mini, "Maigida, da ka ce ba ta ɗauka ba." Ai bakin alƙalami ya bushe, ni na yi kurin. Na biya madubi da gyaran bodi, na kai matar kemis aka duba ta, na ba shi kuɗin wunin da ya rasa. Da na koma gida na sake kallo ni kaɗai, na ga ko ba a kunna a gaban mutane ba ni ne dai.

Daga nan na fara duba tuƙina a faifai lokaci-lokaci, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Sau nawa na take totur da danja ta nuna ruwan ɗorawa, alhali ma'anarta ka tsaya sai in tsayawar za ta jawo haɗari. Sau nawa na kutsa shataletale ban ba na ciki hanya ba, su da ke zuwa ta hagu. Har akwai ranar da danja ta ba ni hannu amma ma'aikaci ya ɗaga hannu ya tsayar da mu na yi ta hon, alhali in ma'aikaci na tsaye yana ba da hannu, nasa ake bi.

Aibobinta kuwa ga su yadda na same su. Ba ta ganin gefe. Idonta yana da faɗi, amma motar da ta taho maka ta ƙofa sai ta kusa take shiga hoto, kuma yawancin karon mahaɗa ta gefen yake zuwa. A Allen na yi sa'a ne abin ya faru a gabana. Faɗin idon kuma yana sa abu ya yi kamar yana nesa fiye da yadda yake, har wani zai iya cewa kana da isasshen wurin taka burki. Da dare hoton yana fita, ana gane danja da motoci, amma lambar mota sai an matso sosai, hasken fitila yana wanke ta fari fat. Dabarar da na koya ita ce in karanta lambar da baki, tunda tana ɗaukar murya. Idon baya kuma in an yi ruwa ko ƙurar hunturu ta rufe gilashi, ba shi da amfani sai ka goge.

Na'urar jin girgizar nan ma ta ba ni wahala. Duk ramin da na faɗa, ita a wurinta haɗari ne, sai ta kulle faifan. A hanyar shiga kasuwa da damina, cikin mako biyu memori ya cika da faifan ramuka, ta fara ƙara tana cewa babu wuri. Sai da yaron nan mai gyaran waya ya rage mata ji zuwa mafi ƙanƙanta. Manhajar wayar kuma ita ce mafi rauni a cikin kayan gaba ɗaya: tana jinkirin haɗuwa, sai ka kashe datar wayarka kafin ta yarda, turancin cikinta ma a karkace yake. Yanzu na sayi ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Gam ɗin da ke riƙe ta a gilashi ya saki sau ɗaya a watan Maris, na same ta tana lilo a jikin waya.

Sai maganar murya. Duk hirar da aka yi a mota tana ciki. Uwargida ta gano haka ranar da nake nuna wa maƙwabci wani faifai sai ga muryarta tana yi mini faɗan kuɗin cefane. Tun daga ranar in ta shiga mota sai ta ce, "Malam, kashe kunnen abin nan." Akwai maɓallinsa, ba wuya. Kuma a gosulo irin na Oshodi ko Apapa da dare, na fi son a ce ba ta da ɗan allon da ke haske, don yana jan idon masu leƙen gilashi. Na saita shi yana mutuwa bayan minti ɗaya, ita kuma tana ci gaba da ɗauka.

Ga wanda ke wuni a titi, mai Bolt ko Uber, direban gida, mai ɗaukar kaya daga Mile 12, musamman wanda ya san in rigima ta tashi ba zai iya kare kansa da baki ba, ina ganin kuɗinta halal ne. Abin da na kashe a kanta da memori da haɗawa bai kai kuɗin fitila ɗaya da bambar da aka canza mini ba. Wanda zai saya ya nemi mai GPS da kafasita, ya sa a gwada masa lambar mota a shagon kafin ya biya, kada ya bi abin da aka rubuta a kwali. Da zan sake saye, mai ido uku zan nema, wadda ɗayan ke kallon cikin mota yana kamo tagogin gefe.

Ƙanen nawa mai Sienna na saya masa irinta da ƙaramar sallah. Makon jiya na shiga motarsa za mu Ketu, na ga kyamarar a mace. Ashe ya zare wayarta daga soket ya sa cajar wayarsa, wai tun ranar Talata. Yanzu na aika a sayo masa soket mai baki biyu.